Keke Biyu a Tsohuwar Hanyar Tifa

Ba sha'awa ce ta sa na fara hawa keke a Doha ba, ciwon baya ne da hawan jini. Aikina gyaran injinan wankin ƙoda ne a wani asibiti, kuma rabin aikin a durƙushe ake yin sa a bayan inji, kana jin numfashin marar lafiya bisa kanka. In na tashi sai in koma ɗakina a Al-Sadd, in ɗumama miyar da na dafa tun ranar hutu, in kira matata a Jos ta ba ni labarin yara, in kwanta. Haka shekaru suka yi ta tafiya har na daina lura da su. Ran da wata likita ta auna jinina, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ko dai in fara motsa jiki ko in shirya zama ɗaya daga cikin waɗanda nake gyara wa inji, ban yi mata gardama ba. Ba ni da ƙarfin gardamar.

Wata nas 'yar Kafanchan da muke coci ɗaya ce ta yi mini kwatancen wani shagon keke a Al Asmakh. Ta ce akwai wani dattijo a ciki mai jin Hausa, ba zai cuce ni ba. Shagon yana cikin wani lungu ne, tsakanin mai sayar da tukwane da wani tela, ginin ya tsufa har fenti yana ɓarewa. Na tarar da mutumin zaune bisa bokitin da aka kife, yana ɗaure wayoyin ƙafar keke. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, ɗan Zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Hausarsa irin tasu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, "matana ya kira ni" yake cewa, kuma da farko sai da na riƙa danne dariya. Kowa Alhaji yake ce masa, ni ma na bi sahu. Shi kuwa da ya ji a asibiti nake aiki sai ya laƙaba mini Likita. Na sha gaya masa ni makanike ne kamarsa, ya ce duk wanda ke warin asibiti likita ne.

Shi ya harhaɗa mini keke daga wani da wani Bature ya bari da zai koma ƙasarsu. Tayoyinsa masu kauri ne, hannunsa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Shi ma Alhaji yana da irinsa, wanda ya fi nawa shan wuya. Ranar Asabar muke fita, don Juma'a, ranar hutun ƙasar, shi yana masallaci ni ina coci. Mukan zagaya bayan Al Gharrafa, tsakanin manyan gidaje masu dogayen katangu, kan kwalta mai santsi, mu sha shayin madara mai kauri da ake kira karak, mu rabu. Ni wannan ya ishe ni. Shi kuwa kullum sai ya ce muna ɓata taya ne kawai, waɗannan kekuna ba don kwalta aka ƙera su ba. Yana da wani tari busasshe da ke kama shi in mun yi ɗan sauri. In na yi magana sai ya ce sanyin na'urar ɗaki ne.

Wata rana cikin watannin sanyi, muna zaune bakin shagon, ya ce yana so mu je yamma, can wajen Dukhan, inda ya fara aiki lokacin da ya zo ƙasar nan da ƙuruciyarsa. Ban taɓa sanin ya yi wani aiki ban da keke ba. Ashe direban tifa ne a da, a wani wurin fasa dutse. Suna kwaso farin dutse da tsakuwa su kai inda ake siminti da inda ake gine-gine a Doha. Kamfanin ya daɗe da tashi. Ya ji an ce yanzu an kewaye yankin an mai da shi gandun barewa da jimina, amma ana barin masu keke su bi tsofaffin hanyoyin. Ni a makon nan injina sun yi ta lalacewa ɗaya bayan ɗaya, abin da nake so a duniya shi ne in kwana har rana ta take. Amma tun da na san mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba, don haka na ce to.

Da sassafe na ɗauke shi a tsohuwar motata, muka kwantar da kujerun baya muka cusa kekunan. Hanyar yamma miƙaƙƙiya ce, ba abin kallo sai turakun lantarki da raƙuma jefi-jefi a bayan shingen waya. Muka ajiye motar kusa da wani ƙaramin ƙauye a bakin teku, inda kwalta ta ƙare. A ƙofar gandun akwai wani mai gadi ɗan Sudan zaune cikin ɗan ɗakinsa. Ya dubi gemun Alhaji, ya dubi tumbina, ya tambaya ko mun ɗauko ruwa isasshe. Muka nuna masa gorunanmu, ya ɗaga mana hannu.

Ba mu yi nisa ba na gane abin da na jawo wa kaina. Hanyar ta yi kunyoyi ƙanana a jere kamar gonar dankali, kekena yana ta karkarwa har haƙorana suna haɗuwa. Inda babu kunyoyi kuma akwai fararen duwatsu masu kaifi, ko yashi mai laushi da ke kama tayar gaba ba zato. Tafin hannuna ya mutu tun da wuri. Ciwon bayan da na zo magancewa ya tashi ya zauna daram a ƙuguna. Alhaji yana gaba, ya ɗan ɗaga daga sirdi, yana zaɓar inda zai sa taya, ni ina bin sawunsa ina ta ƙorafi a zuci.

Wurin dai yana da kyau, ba zan hana shi ba, sai dai kyau ne da ba ka iya kallo don idonka yana ƙasa. In mun tsaya shan ruwa ne nake ganin tsaunukan farin dutse da iska ta cinye gindinsu ta bar kansu da fāɗi, kamar rumbunan da aka ɗora wa jinka. Can nesa barewa uku ko huɗu suka ɗaga kai suka dube mu, suka ci gaba da kiwon abin da ni ban ga alamarsa ba. A wata kwana muka tarar da jimina tsaye a tsakiyar hanya, ta fi ni tsawo. Alhaji ya ja birki ya ce mu jira, ba a jayayya da wannan. Muka tsaya riƙe da kekuna har ta gaji da kallonmu ta wuce. Na ji daɗin tsayuwar fiye da ganin tsuntsuwar.

Daga nan muka shiga wani fili mai gishiri, fari fat, a shimfiɗe kamar daɓe. Na yi murna na ce ga sauƙi ya zo. Ashe ɓawo ne kawai a sama. Muna shiga ya fashe, taɓo mai danƙo ya cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafar ta daina juyawa. Dole muka sauka muka saɓa kekunan a kafaɗa, takalmanmu suna ƙara nauyi da kowane taku. Da muka fita muka zauna muna ƙwaƙule taɓon da tsinke da yatsa. A nan ne iskar arewa, wadda Larabawa ke kira shamal, ta fara kaɗawa. A lokacin tana bayanmu, tana tura mu, ban kawo komai a raina ba.

Sai kuma Alhaji ya ɓata hanya. Ya ce akwai wani tankin ruwa bisa dogayen ƙarafa da ake hangowa daga nesa, da wani ɗan masallacin kwano a gefensa, daga nan ake karyawa hagu. Babu tanki, babu masallaci. Muka bi wata hanya ta mutu a gindin tsauni, muka dawo, muka bi wata ta kai mu bakin teku. Wayata ta nuna mini ɗigon da ke cewa ga inda nake, a tsakiyar fili marar suna, ba ta da abin da za ta ƙara. Ya tsaya yana juya kai, yana share baki da gefen rawaninsa, ya ce duk tsaunukan sun koma iri ɗaya. Raina ya ɓaci, amma da na dubi fuskarsa sai na haɗiye maganar. Na ce mu gwada bin wani tsohon bututu mai tsatsa da muka tsallake a baya, ai bututu ba ya tafiya inda ba mutane. Ba dabara ba ce, ba mu da wani abin bi ne kawai.

Rana ta kusa tsakiya muka hau wani ɗan tudu, sai ga ramin fasa dutsen a gabanmu. Faɗinsa ya fi unguwa guda. An yanka bangonsa hawa-hawa, fari ƙal har yana kashe ido, a can ƙasa kuma ruwa ya taru kore shar, wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye a bakinsa. A gefe akwai daɓen siminti a jere inda ɗakunan ma'aikata suke a da, da ƙafafun injin niƙa dutse da tsatsa ta cinye, da wata tayar tifa da yashi ya binne rabinta. Ba kowa, ba motsin komai sai iska.

Ni abin da ya zo mini ba Qatar ba ne. Na ga kududdufan kuza na wajen Bukuru inda na tashi, irin wannan ruwan kore marar motsi da iyayenmu mata ke hana mu zuwa kusa da shi. Mahaifina leburan kuza ne. Ya yi shekaru yana ɗaukar ƙasa a kwanon sarki daga cikin rami zuwa inda ake wanke ta, har wuyansa ya ƙage, in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa duka. Da kamfanonin suka gama suka tafi, suka bar mana ramuka a gonaki. Na yi karatu ne don kada in shiga rami, na ƙetare teku, ga ni kuma tsaye a bakin wani. Na gaya wa Alhaji wannan, abin da ban taɓa gaya wa kowa a ƙasar nan ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce ashe ni ma ɗan gida ne.

Ya jingine kekensa ya bi daɓen nan ɗaya bayan ɗaya a hankali, har ya tsaya a kan wani ya ce yana jin nan ne ɗakinsu, ko kuma na kusa da shi. Ya ba ni labarin yadda suke kwana a cunkushe, gado bisa gado, da yadda suke ɗaure ƙyalle a hanci in injin ya tashi, ƙyallen ya yi fari kafin azahar. Ƙurar dutsen tana cikin shinkafa, tana cikin shayi, in ka yi kaki fari ne. Ya ambaci wani ɗan Pakistan da ya koya masa ja da baya da tifa a bakin rami, da wani kuku da ba ya iya dafa komai sai wake. Yawancinsu sun koma ƙasashensu. Waɗanda yake jin labarinsu, ya ce, kusan duk ƙirji ne ya kwantar da su.

Na tambaye shi ko ya ji daɗi da ya zo.

Ya dubi ruwan ya ce, "Likita, na ɗauka in na zo zan ji wani abu. Gajiya kawai nake ji."

Ya yi taimama don kada ya taɓa ruwan shanmu, ya yi sallar azahar a kan daɓen. Ni na zauna bisa tayar tifar na miƙe ƙafafu. Muka ci dabino da gurasar da ta bushe a jaka, muka juya.

Komawar ce ta nuna mana iskar nan. Yanzu a fuska take dukanmu, ɗauke da yashi mai tsini. Na sa giya mafi sauƙi, ina taka feda da dukan ƙarfina, amma mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ni. Muka kewaye filin gishirin, abin da ya ƙara mana nisa. Alhaji ya koma bayana, kuma ina jin tarinsa yana tahowa a kan iska. Can sai na daina ji. Da na waiga na gan shi ya sauka, ya kifa ƙirjinsa a kan sirdi, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Na koma da gudu. Ni ba likita ba ne, amma na yi shekara da shekaru ina jin numfashin marasa lafiya, na san wanda hutu ke gyarawa da wanda ba ya gyarawa. Leɓɓansa sun canza launi. Ya yi ƙoƙarin cewa ba komai, maganar ta ƙi fita gaba ɗaya.

Na kama shi muka lallaɓa zuwa gindin wani tsauni inda dutsen ya yi rumfa, na zaunar da shi ya jingina, bayansa ga iska. Waya ba ta shiga. Na ce zan zauna da shi har ya samu sauƙi, ko wata mota ta biyo. Ya girgiza kai. Tun safe ba mu ga mota ko ɗaya ba, shi ma ya sani.

"Ka tafi ka kawo mota," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomin. "In mun zauna mu biyu, mu biyu za a nema. Yalla, yi sauri."

Na bar masa gorar da ta fi ruwa, na ɗaura jar rigar ruwana a hannun kekensa na kafa shi a fili inda za a hango, na hau nawa.

Ban san yadda zan kwatanta tafiyar nan ba, don ba abin da ya faru a cikinta sai taka feda. Ba na tunanin Alhaji ma sosai, ba na addu'a, kaina ya zama fanko. Ina duban dutsen da ke gabana in ce bari in kai can, in na kai in zaɓi wani. Wani dutse mai kaifi ya huda tayar baya, na zauna a ƙasa na ciro robar ciki na yi faci da hannuwan da ba sa jin abin da suke riƙe da shi, iska tana watsa mini yashi a kan gam ɗin. Na buga famfo na ci gaba. A wani gangare yashi ya kama tayar gaba na faɗi ta gefe, gwiwata ta ɓare. Na ɗan kwanta a wurin, kuncina a kan tsakuwa mai ɗumi, kuma gaskiya na ji daɗin kwanciyar har na tsorata. Na tashi na tura keken da hannu har inda ƙasa ta yi tauri.

La'asar ta yi lokacin da na hango ɗakin mai gadin. Motata ba za ta iya hanyar ba, ƙasa-ƙasa ce, don haka shi na nufa. Da ɗan Larabcina na asibiti da nuni da hannu na fahimtar da shi. Bai tsaya tambaya ba, ya ɗauko makullin a-kori-kurarsa, amma tun daga ƙofa har muka isa faɗa yake yi mini, rabi ina ganewa rabi ba na ganewa. Na bar shi ya yi, yana da gaskiya. Tafiyar da ta kusa kashe ni, motar ta cinye ta kafin ya gama faɗan.

Muka tarar da Alhaji inda na bar shi. Ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, carbi a hannunsa, yashi ya taru a cinyarsa. Numfashin ya ɗan lafa. Da ya ga mai gadin ya buɗe baki zai fara sabon faɗa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, ya isa, ɗan'uwa, mun ji." Mutumin ya taimaka muka ɗora shi a gaba, ni da kekuna a baya.

Da muka koma motata, a hanyar Doha ya yi barci, kansa jingine da gilashi. Ya farka daidai lokacin da dogayen benayen birnin suka fara bayyana cikin hasken yamma. Ya dube su ya ce wasu daga cikin lodinsa suna ƙarƙashin waɗancan, bai dai san waɗanne ba. Na ce masa ba gida za mu ba, asibiti za mu. Bai yi musu ba, kuma rashin musun ya fi tarin tayar mini da hankali.

Hoton ƙirji da gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna abin da nake tsoro. Ƙurar dutsen da ya shaƙa tun yana saurayi ta yi wa huhunsa tabo, tabon da ba ya warkewa, sai dai a rage masa wahala. Ni na zauna kusa da shi ina mayar masa da bayanin likitan cikin Hausa, ina neman kalmomi masu taushi, shi kuma yana cewa in faɗa masa yadda aka faɗa. Ya ci gaba da zama a shagon na ɗan lokaci, yana gyara abin da ba ya bukatar ƙarfi. Kafin zafi ya shigo ya yi magana da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, suka rabu lafiya. Ni na kai shi filin jirgi. Kayansa duka akwati biyu ne da wani bargo a ɗaure da igiya.

Gwiwata ta warke, bayana yana nan yadda yake. Ina fita ranar Asabar in jikina ya yarda, sau da yawa kuma ba ya yarda. Ban sake komawa yamma ba.

Mukan yi waya jefi-jefi, ba ma daɗewa don magana tana gajiyar da shi. Wata rana ina tsakiyar aiki ya kira, na fita baranda na ɗauka. Ya ce ba wani abu ba ne, ruwa ake yi a Kumasi tun safe, yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallo, sai ya ce bari ya jiyar da ni. Ya miƙa wayar waje. Na tsaya jingine da bango ina jin ruwan yana dukan kwanon rufi, da wata mata can ciki tana kiran a kawo bokiti, har wata nas ta leƙo ta ce mini injin gado na ƙarshe ya fara kuka.